Biyu da Rabi

Ƙarfe biyar da rabi, sanyin Jos na kutsowa ta ƙarƙashin ƙofa.
Kuza ta riga ni tashi,
tana gaban kwanon ruwanta kamar wadda ta keto daji.
Da haka abin ya fara:
ƙishirwa, fitsari, ci ba ƙiba,
har ƙashin bayanta ya koma carbi a ƙarƙashin yatsuna.

Suga ne, in ji Dakta Chundung a Vom.
Na yi dariya. Kyanwa da ciwon manya?
Ita ba ta yi ba.
Ta miƙo mini 'yar kwalbar insulin, an rubuta arba'in a jikinta,
da sirinji mai jan murfi, shi ma ɗan arba'in.
Zane biyu da safe, biyu da dare, bayan ta ci.
Ƙwarya ta bi ƙwarya, Baba.

Wata uku ƙwarya na bin ƙwarya,
sai jan murfi ya ɓace a gari.
Na taka Taminus, na taka Farin Gada, na kai har Bukuru,
ko'ina abu ɗaya ake turo mini kan kanta:
mai murfi ruwan goro, ɗan ɗari, na mutane.
Nanret ta kemis ta ce allura ai allura ce.
Na ce, 'yata, ba ki taɓa awo ba.
Shekara ashirin da bakwai ina auna kuza a sikelin kamfani,
na san ma'auni kan yi ƙarya bai buɗe baki ba.

Na kira Vom. Layi na yankewa.
Karanta mini jikin kwalbar, ta ce. Arba'in.
Karanta sirinjin. Ɗari.
Sake karantawa.
To, zanen ɗan ɗari ƙanana ne,
maganinka kuma tsararo ne, kamar kunun da aka ƙara wa ruwa.
Raba ɗari da arba'in: biyu da rabi.
Biyu sau biyu da rabi, ja zuwa zane na biyar.
In ka tsaya a biyu, ko rabin rabonta ba ta samu ba.
In kuma wata rana aka ba ka kwalbar ɗari,
wannan lissafin ya mutu, kada ka taɓa allura sai ka kira ni.

Na rubuta a bayan kalanda, da manyan baƙaƙe,
na kafa shi da ƙusa kusa da randa.

Abin da ban faɗa wa likita ba:
na san wannan murfi ruwan goro.
Shekara shida ina cire shi da haƙori
ina laluben cinyar Tabawa da asuba,
tana cewa hannunka da sanyi, Malam.
Nata sha takwas ne.
Ita ta tsinto kyanwar nan a kwata, bayan kasuwa,
ta kawo ta cikin mayafi tana ɗiga.
Damina biyu ke nan da muka kai ta makwanci,
amma babban yatsana bai ji labari ba:
ina ja, yana neman wucewa,
shida, bakwai,
zuwa inda ya saba.

Don haka nake ƙirgawa a bayyane,
tabarau a hanci, tocila a baki in babu wuta.
Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu.
Biyar, tsaya, tsoho.
In ƙyasta kumfar iska ta hau,
in sake duba kalanda ko da na haddace.

Kuza ta gama cin kifinta.
Na tattaro fatar wuyanta, ta yi 'yar rumfa,
bismillah,
ko kunne ba ta kaɗa ba.
Ga zuma a kan taga ko da jikinta zai saki.
Ta haye kujerar da ba ta zama tawa ba har yau,
ta naɗe wutsiya,
ni kuma na ɗora ruwan shayi,
kofi ɗaya.